Kujeru Shida na Hajja Tayyiba

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Hajja Tayyiba a Umbadda, yammacin Umdurman, kuma katangar nan ba ta hana komai wucewa. Hayaƙi na wucewa, ƙamshin gyaɗa na wucewa, muryar Hajja kuwa ko katanga uku ce sai ta huda. Shekara goma sha tara ke nan rigunana na ƙamshin soyayyar gyaɗa, har masu hawa rakshata, adaidaita-sahun da nake tuƙawa, kan leƙa ƙarƙashin kujera su tambaye ni ko sayarwa nake yi.

Kakannina Zagezagi ne, nata Kanawa. Daga ni har ita babu wanda ya taɓa ganin Zariya ko Kano, amma wasan da kakanni suka ɗauko a ƙafa har bakin Nilu ba mu bar shi ya mutu ba. Kullum da safe sai ta ɗaga murya ta bayan katanga.

"Jibirin Bazazzagi, ka tashi ne ko sai an zo an ɗaga ka?"

"Na tashi, Bakanuwa. Yau kuma wa za ki cuta a awo?"

"Uwar ɗakinka nake, ka iya bakinka."

Da haka muke gaisawa. Ran da ba mu yi ba, to ɗayanmu ba shi da lafiya.

Sana'arta dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗar nan da mutanen Sudan ba sa iya cin salak ko miya sai da ita. Ni nake ɗauko mata buhuna daga Kasuwar Libiya. Mata su tsince, su soya, su murje, su sheƙe, sannan inji ya niƙa. A tsakar gidanta, ƙarƙashin rumfar kwano, akwai kujeru shida 'yan tsugunno masu saƙar igiya, irin waɗanda muke ce wa banbar. A kan kujerun nan duk labarin yake.

A kambo aka haifi Hajja, irin 'yan ƙauyukan lakar nan da masu aikin gona ke zama a bakin magudanar ruwa a Jazira. Lokacin tsinkar auduga, mai kiran suna ba ya rubuta mutum, gida yake rubutawa. Suna ɗaya, layi ɗaya na gona. Duk wanda ya fito daga gidan da safe, shi ne mai sunan a ranar. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarta wata biyu, ita da yayarta da wata gwaggonsu suka riƙa karɓa-karɓa. A kira sunan uwar, wadda ke nan ta amsa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya, kuma ba a kwana da yunwa a gidan ba. Ta ba ni labarin nan ya fi sau ɗari, kuma kowane karo sai audugar da ta tsinka ta ƙaru.

Da aure ya kawo ta Umdurman, da faranti ta fara, tana sayar da gyaɗa a ƙofar makaranta. Daga faranti ta koma tebur, daga tebur ta sayi inji. Da ta fara ɗaukar mata aiki, sai ta ɗauke su yadda ta san ana ɗauka. Kujera ta gida ce, ba ta mutum ba. In mai kujera ta haihu, ƙanwarta ta zo. In an yi mata rasuwa, surukarta ta zauna. Hajja faɗa gare ta kamar me, tana iya yi wa mace tas a kan ƙwayar gyaɗa ɗaya mai ɗaci da ta tsallake mata, amma abu ɗaya take alfahari da shi: tun da take ba ta taɓa tada mace daga kan kujera ba.

Da yaƙi ya zo kowa ya kama gabansa. Ni na yi Shandi, ita ta yi Gadarif wurin 'yarta. Bayan shekara biyu muka dawo muka tarar an kwashe mata inji, an cire ƙofa da tagogi, har wayar wuta an zare daga bango. Kujerun nan shida kuwa suna nan jere a ƙarƙashin rumfa, sai ƙura. Ta tsaya ta dube su ta ce, "Ɓarawon nan ba shi da wayo. Ya ɗauki ƙarfe ya bar dukiyar." Na ce ai daga ganin aikinsa ba Bakano ba ne, da Bakano ne har ƙurar sai ya auna ya sayar. Ta jefe ni da takalmi. A ranar na tabbata mun dawo gida.

Ɗanta da ke Jidda ya taimaka aka samo tsohon inji. Mata suka fara dawowa, sai dai ba yadda suka tafi ba. Wata ba miji, wata ba gida, wata da 'ya'yan 'yar'uwarta a kanta. Kafin yaƙi mata tara ke juyawa a kan kujerun. Yanzu suka zama goma sha huɗu.

Ana cikin haka wani kamfani mai zuba dakwa a kwalabe ya aiko mutum. Ya ɗanɗana, ya lashe cokali, ya ce za su riƙa ɗaukar duk abin da ta niƙa. Kasuwar unguwa ta mutu, rabin gidajen layinmu har yanzu a rufe suke, don haka wannan ciniki shi ne zai riƙe mata goma sha huɗun. Amma mutumin ya ce, "Yanzu ba kamar da ba ne, ya Hajja. Masu saye a hannunmu suna tambayar takardun wanda muka saya a hannunsa. Sai kin yi wa ma'aikatanki rajista a ofishin ƙwadago, kowace ta yi katin lafiya, kuma za a riƙa zuwa dubawa."

Ni na kai ta ofishin. Ma'aikacin ya ɗauko takarda, ya tambaye ta da Larabci, "Ma'aikata nawa?"

"Shida," in ji Hajja, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Na yi tari. Ta taka mini ƙafa, kuma Hajja ba ƙaramar mace ba ce. Ta jero sunayen masu kujerun na asali su shida, aka rubuta, ta dangwala yatsa. Da muka fito na ce, "Bakanuwa, ni da na tsaya a aji huɗu na san goma sha huɗu ba shida ba ce."

"Aiki ya tambaya, ko ba aiki ba? Aikin shida ne. Ka taɓa ganin mata biyu a kan banbar ɗaya? Ja mu tafi, rana na yi."

Kada wani ya ce Hajja ta yi niyyar cuta. A wurinta lissafin daidai yake, haka aka yi a Jazira, haka ta yi shekara ashirin.

Kujera ta uku daga hagu ita ce ta gidan su Ni'imatu, kuma mata uku ke hawanta. Ni'imatu doguwa ce siririya, mijinta Abdallah ya fita neman gari a farkon yaƙi, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Kwana biyu kawai take iya zuwa a mako, sauran ranakun tana sayar da shayi a tasha ko tana yawon ofisoshi da hotonsa. Sai Mawahib, matar ƙanin Abdallah, gajera mai jiki, ga tsohon ciki. Sai Inna Sakinatu, uwar mazajen nasu, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya amma idonta na hango gyaɗa mai ɗaci tun daga bakin buhu. Cikin su ukun babu wadda za ta iya riƙe kujerar mako guda ita kaɗai. Su uku ne suke zama mutum ɗaya. Inna kuwa, in tana gida, wuni take tana kasa kunne ga ƙofa ko za ta ji takun ɗanta. A kan kujerar nan kaɗai ake jin dariyarta.

Mai dubawar da aka turo sunanta Ustaza Ala'a, yarinya ce mai tabarau da farin tob, lulluɓin matan Sudan, irin na ma'aikatan hukuma, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Zuwanta na farko ina sauke buhuna. Hajja ta kawo mata jabana, wato gahawa, Ustaza ta ce sai ta gama aiki za ta sha. Hajja ta juyo ta ce mini da Hausa, "Yarinyar da za ta bar gahawa ta huce, wannan ba za ta yi sauƙi ba."

Ustaza ta zaga ko'ina. Ta ce a raba kaskon suya da buhuna, a sayo tulun kashe gobara, kowa ta ɗaure kanta, a rubuta lokacin shiga da na tashi a manna a bango, kuma kwana ɗaya a mako a huta. Hajja ta ce duk ta ji, har ma ta ji daɗi, don ita dama tana son mai ba da umarni in dai ba ita aka fi murya ba. Sannan Ustaza ta kira suna. Allah ya taimaka ranar masu kujerun ne da kansu. Da ta ce "Ni'imatu", doguwar nan ta ɗaga hannu. Aka sha jabana aka rabu lafiya.

Bayan mako uku ta dawo ba sanarwa. Kasko ya koma lungu, tulun gobara na rataye ja wur, Hajja har ta mai da shi wurin rataya mayafi. Aka zo kiran suna.

"Ni'imatu."

"Na'am," in ji Mawahib, tana dafe da ƙugu, cikinta ya kusa taɓa faifai.

Ustaza ta sauke tabarau ta dube ta, ta dubi takarda, ta sake dubanta. "Wancan zuwan ban ga ciki ba."

"Tob ne," in ji Hajja. "Tob ɗin yanzu yana ɓoye abubuwa da yawa."

"Kamar kuma ta fi haka tsawo."

"Nauyi ne ya danne ta, ya Ustaza. Ke dai Allah ya kai ki."

Ni ina bayan buhu ina cizon hannun rigata. Ustaza ta shiga bayani a kan haƙƙin mai ciki: kada ta kusanci wuta, kada ta ɗaga buhu, in ta haihu tana da hutunta kuma kujerarta na jiranta. Hajja ta riƙa gyaɗa kai tana cewa, "Tamam, tamam. Wannan dokar a wurina suka koya."

Zuwa na uku shi ya ɓata komai. Mawahib ta haifi 'ya mace kwana tara da suka wuce, Ni'imatu ta tafi wani asibiti da aka ce an ga mai kama da Abdallah. Inna Sakinatu ce a kan kujera. Hajja na ganin farin tob a bakin ƙofa ta fara yi wa tsohuwar alama da ido ta shige ɗaki, amma idon Inna gyaɗa kawai yake gani.

"Ni'imatu."

"Na'am, 'yata," in ji Inna, ta washe dasashi.

Ustaza ta matso a hankali ta durƙusa gabanta.

"Ni'imatu, an sauka lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi," in ji Inna. "Yau shekara arba'in da ɗaya ke nan, shi ne autana."

Wallahi na yi ƙoƙari, amma dariyar ta ƙwace mini. Matan ma suka fashe. Ustaza kanta sai da ta juya baya ta gyara tabarau na ɗan lokaci. Amma da ta juyo fuskarta ba wasa. Ta rufe fayil ta ce, "Ya Hajja, ina ganin girmanki, amma ni ba zan sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Na ba ki kwana goma sha huɗu. Duk sunan da ke takardar nan, mai shi nake so in gani a zaune. In na dawo na tarar da haka, abin da na gani zan rubuta. Kamfani zai janye, lasisinki ma sai an sake dubawa." Ta tafi, jabana na huci a kan tire.

Abin da Hajja ta fahimta, kuma abin da mu duka muka fahimta, shi ne suna shida, mace shida. Takwas su tashi, ko kuma a rufe gidan su tashi su duka.

Washegari na jira muryarta ta bayan katanga, shiru. Na ɗaga tawa na ce, "Bakanuwa, ko an kama ki ne da mudun ƙarya?" Shiru. Na leƙa na gan ta zaune a kan buhu tana kallon kujerun, karin kumallonta a gefe ƙuda na bi. Kwana uku haka. Matan suka daina hira. Abin da ya fi ba ni tausayi, ba faɗa suka yi a kan wa za ta zauna ba. Kowace cewa take a bar wa 'yar'uwarta, ita ta fi buƙata, alhali duk mun san abin da ke cikin tukunyar kowa.

Rana ta huɗu Ni'imatu ta zo da saƙo. Mutumin asibitin ba Abdallah ba ne, wannan ta faɗe shi a gajarce. Sannan ta ajiye wani tsohon faifai a gaban Hajja. "Inna ta ce a mayar miki. Ta ce ita ce ba ta da takarda ko ɗaya a duniya, ita ce ta ja miki wannan, a fara cire ta."

Hajja ta daɗe tana kallon faifan. Sannan ta miƙe ta zo bakin katanga.

"Bazazzagi! Gobe da safe ka kawo wannan gwangwanin naka."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Da safe muka ɗaure kujeru shida a kan raksha, biyu a ciki, huɗu a sama. Hajja ta zauna a tsakiyarsu kamar amaryar da ake kai wa kaya. Matan suka biyo mu a bas, har Mawahib da jaririyarta, har Inna da aka je aka ɗauko da ƙyar. A harabar ofishin ƙwadago akwai wata darbejiya. Nan Hajja ta sa na jera kujerun yadda suke a gida, ta zaunar da mace ɗaya a kan kowace, sauran 'yan gidan suka tsaya a bayanta. Masu gadi suka zo kallo, mai shayin bakin ƙofa ta bar wutarta. Aka kira Ustaza Ala'a ta fito.

"Ya Ustaza," in ji Hajja, "ke kin yi karatu, ni ban yi ba. Na kawo miki abin ki gani da idonki. Wannan kujerar gidan Fatna ce, su biyu ne. Wannan su uku. Wannan da kike ta kira Ni'imatu, ga Ni'imatun, ga mai cikin, ga tsohuwar. Ba wadda za ta iya mako ita kaɗai. Tun ina yarinya a gonar auduga haka muke yi. To ga su nan. In shida doka ke so, ke ki zaɓa, ki dubi idon takwas ki ce su tafi. Ni hannuna ba zai yi ba."

Ustaza ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana motsa baki. "Goma sha huɗu," ta ce. "Ya Hajja, wa ya ce miki shida doka ke so?"

"Ke kika ce sunan da ke takarda."

"To ki sa su a takardar mana! Su duka. Kowace da sunanta, da ranakun da take zuwa, da katin lafiyarta. Doka ba ruwanta da kujera, ko a kan tabarma suke. Mutum ta sani." Ta nuna Mawahib. "Da ranar nan kasko ya ƙona wannan, takarda ta ce Ni'imatu ce ke aiki. Wa za a yi wa magani? Wa za a ba hutun haihuwa? Ga ta ta haihu, a wurin hukuma ko gidanki ba ta taɓa shiga ba."

Hajja ta shafa hannunta na hagu. Na san ta, maganar ƙunar nan ce ta shige ta, don akwai tabon kasko a hannunta na hagu tun tana sayarwa a faranti. Can ta juyo kaina. "Kai kuma da ka yi aji huɗu, me ya hana ka faɗa mini?"

"Na yi tari, kika taka ni."

Aka fito da sababbin takardu, aka fara rubutawa a inuwar darbejiya. Kowace ta ciro lambarta ta ɗan ƙasa daga ƙullin tob ko cikin waya. Goma sha uku suka wuce lafiya. Da aka zo kan Inna Sakinatu, babu lamba, babu takardar haihuwa, babu komai. A kambo aka haife ta, a kambo aka yi mata aure, ba wanda ya taɓa tambayarta takarda sai yau. Ustaza ta ce ba ta da ikon rubuta wanda ba shi da lamba. Sai an je ofishin rajistar jama'a da shaidun da suka san mahaifinta, likita kuma ya ƙiyasta shekarunta. Ta ce, "Ki rubuta sha ukun yanzu, ki tsira da cinikinki. Kaka ta huta a gida har a samu."

Inna ta ce haka ne, dama ta faɗa. Ta fara laluben sandarta.

"Zauna," in ji Hajja. Ta janye yatsanta daga tawada. "Goma sha huɗu na kawo. Saura kwana tara, ko ba haka ba? To a ajiye takardar."

A hanya na ce mata wannan taurin kai ne, tsohuwa ɗaya za ta ja wa sha uku. Ta ce in na gaji in sauka ta tuƙa da kanta.

Shaida ɗaya Hajja ce, don kambonsu ɗaya, Inna ta goye ta tana jaririya. Na biyun ne aiki. Mutanen kambon sun watse, wasu sun mutu, wasu yaƙi ya kai su inda ba a sani ba. Kwana uku Hajja na kan waya, har aka ce mana Malam Almahdi, wanda ke kiran suna a gonar audugar a zamanin, yana raye a unguwar Mayo, kudancin Khartum, wurin jikokinsa. Muka tsallaka gada, muka ratsa Khartum da gine-ginenta masu baƙin tabo, muka yi kudu. A Mayo muka yi ta tambaya daga mai gawayi zuwa mai ruwan jaki har aka nuna mana wata rumfar buhu. Tsoho ne ƙwarai, idonsa ya yi fari. Hajja ta durƙusa ta gaishe shi ta faɗi sunan mahaifiyarta.

"Layi na goma sha bakwai," in ji shi nan take. "Ku ne kuka riƙa amsa mini da murya uku shekarar zazzaɓi. Kuna tsammani ban sani ba?"

Hajja ta rufe fuska da tob. Ni kuwa na ce Allah ya saka maka, Malam, yau na samu abin da zan riƙe ta da shi har ƙarshen rayuwa.

Da aka ambaci Inna ya ce, "Sakinatu 'yar Ibrahimu mai jan jaki? Shekarar da aka sauke tutar Ingilishi aka haife ta, ina yaro, mu muka ci tuwon sunan." Ya ce a ɗauko masa jallabiyarsa ta Juma'a.

Kwana biyu muka yi muna bin layi, tsofaffi biyu a bayan rakshata suna gardamar wane ne ya fara haƙa rijiyar kambo. Likitan da zai ƙiyasta shekaru ya ce Inna ta buɗe baki ya ga haƙora. Ta buɗe. Ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce a kira mai maganar tutar. Lambar ba ta fito a kwana tara ba, an ce sai an jira, amma an ba mu takarda mai hatimi da hoton Inna a manne, ta zaro ido kamar an kama ta tana satar sukari. Hajja ta kai wa Ustaza da hannunta. Ustaza ta karanta ta ce wannan ta isa a buɗe mata layi, in lambar ta fito a cike. Sharaɗinta ɗaya, Inna tsinta kawai za ta yi, ba ita ba wuta.

Ranar da wa'adi ya cika, Ustaza ta zo. Hajja ta sa su duka sun hallara, shida a kan kujeru, sauran a kan tabarma. Aka fara kira, kowace na amsa nata. Ni'imatu ta amsa Ni'imatu. Mawahib ta amsa Mawahib, aka kuma gaya mata ta koma gida, hutunta bai ƙare ba. Sai Ustaza ta ce, "Sakinatu Ibrahimu."

Shiru. Inna na ta tsintar gyaɗarta.

"Sakinatu Ibrahimu."

Ni'imatu ta taɓa ta. "Inna, ke ake kira."

Tsohuwar ta ɗago. Tun da ta haifi ɗanta na fari ba wanda ya kira ta da wannan sunan, daga Uwar Abdallah sai Inna. Ta dubi Hajja, ta dubi takardar, ta ajiye faifai ta gyara zaman tob ɗinta.

"Sake faɗa, 'yata," ta ce. "Har da na Baba."

Ustaza ta sake faɗa, a hankali.

"Na'am," in ji Inna.

Hajja ta ce hayaƙin kasko ne ya shiga idonta, ko da yake ranar ba a hura wuta ba. Ustaza ta sa hannu, ta zauna ta sha jabana har kofi uku.

Kujerun har yau shida ne. Hajja ta sa na kifa kowace na rubuta sunayen masu ita da fenti a ƙarƙashi, ta uku daga hagu suna uku. Ta duba ta ce rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka, alhali ita ko alif ba ta sani ba. Motar kamfani na zuwa duk Talata. Juma'a gidan a rufe yake, doka ta ce a huta, kuma Hajja ba ta san yadda ake hutu ba, don haka takan jawo banbar ɗaya ta zauna a gindin katanga ta wuni tana gaya mini laifuffukan Zagezagi.